Shin Ɗaukar Hukunci Ne Kaɗai Ma'anar Gicciye?

Mai bishara: 'Yan'uwa, matsayina shi ne ma'anar gicciye guda ɗaya ce kaɗai: Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya cancance mu. Ishaya 53:5 ta ce an soke shi saboda laifofinmu, kuma duk bayanin da ya kauce wa wannan yana rage wa bishara ƙarfi.

Malama: Ɗan'uwa, ban musa ayar ba, kalmar "kaɗai" ce ta tsaya mini a rai. Koyarwar da kake karewa ba ta samu cikakkiyar siffarta ba sai a ƙarni na 16, a hannun Kalbin da sauran masu gyaran Ikilisiya. Shi kansa Ansalam, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya kammala littafinsa a kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum a 1098, a kan darajar Allah ya gina maganarsa: mutum ne ya tauye ta, shi ya kamata ya biya, amma Allah ne kaɗai yake da abin biya, saboda haka dole Allah ya zama mutum. A wurin Ansalam biyan ne yake kawar da hukuncin. Magabatan Ikilisiya na farko kuwa nasara suka fi gani, kamar yadda Ibraniyawa 2:14 ta ce ta wurin mutuwa ya hallaka mai ikon mutuwa.

Mai bishara: Malama, da me aka ci nasarar? Kafin Kolosiyawa 2:15 ta ambaci tuɓe ikokin mugayen ruhohi, aya ta 14 ta riga ta ce an kafe takardar bashinmu a kan gicciye. Sai da aka yage takardar Iblis mai ƙara ya rasa hujja.

Dattijo: Wannan amsa ta yi nauyi, ɗana, amma ka dubi abin da ya faru da kalmar fansa ta Markus 10:45. Da magabatan Ikilisiya suka matsa da tambayar wa aka biya fansar, Orijin ya ce Iblis, Giregori na Nisa ya kwatanta jikin Almasihu da naman da ake sa wa ƙugiya don a kama Iblis, har Giregori na Naziyanzus ya ƙi zancen gaba ɗaya. Misalin kotu da koyarwar ɗaukar hukunci take amfani da shi ma yana karyewa idan aka ja shi fiye da kima. Na taɓa koya shi ga yara, sai wata yarinya ta ɗaga hannu, idonta cike da hawaye, ta tambaye ni ko Yesu ya cece mu ne daga Ubansa. Tun ranar nake farawa da 2 Korantiyawa 5:19, cewa Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa.

Ɗaliba: Baba, ashe Abelar, malamin tauhidi na ƙarni na 12, bai yi kuskure ba da ya ce gicciye yana kunna ƙauna a zuciyarmu?

Dattijo: Bai yi ba, 'yata, sai dai bai kai ƙarshe ba. Uwar da ta rufe jaririnta da jikinta lokacin da bango yake rushewa ta nuna ƙauna ne domin bangon da gaske yake faɗuwa.

Mai bishara: To, Baba, na janye "kaɗai". Amma ina riƙe da cewa ɗaukar hukuncin shi ne tushe, kuma ina jiran Malama ta nuna mini yadda za a karanta Romawa 3:25 da 26, inda aka ce Allah ya miƙa Almasihu hadaya don ya nuna adalcinsa, ba tare da shi ba.