Shin Fada Rodrigues ya yi zunubi da ya taka hoton Almasihu?

Tambaya

'Yan'uwa, ina neman ƙarin haske game da fim ɗin Silence da Martin Scorsese ya fitar a 2016, wanda aka gina a kan littafin Shusaku Endo na 1966. A Japan ta ƙarni na 17, hukuma ta rataye wasu Kiristoci kai ƙasa a cikin rami, aka tsaga musu bayan kunne domin jini ya riƙa ɗiga kada su mutu da wuri, sannan aka gaya wa Fada Rodrigues, limamin Katolika da labarin ke kansa, cewa ba za a sauke su ba sai ya taka hoton Yesu. Kuma ya taka. A koyarwar Katolika, zunubi ya aikata ko aikin jinƙai?

Amsa ta farko

Ɗan'uwa, Katikizim, littafin koyarwar Katolika, a sakin layi na 1750 ya ce da abubuwa uku ake auna aiki: shi kansa aikin, niyyar mai yinsa, da yanayin da aka yi shi. Niyyar Rodrigues ba ta da aibi, amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da mugun aiki nagari, kamar yadda Manzo Bulus ya ƙi maganar a yi mugunta domin alheri ya biyo baya a Romawa 3:8, kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya jaddada hakan a wasiƙarsa Veritatis Splendor ta 1993. Waɗansu kan kawo hujjar Toma Akwinas game da aikin da ke haifar da sakamako biyu, mai kyau da mara kyau, sai dai ba ta shiga nan ba, domin takawar ita ce hanyar ceton kanta. Jinin mutanen nan kuwa yana wuyan Inoue, jami'in hukumar da ya sa aka rataye su.

Amsa ta biyu

Na yarda da malam cewa aikin ba daidai ba ne, amma munin aiki daban, nauyin laifin mai shi daban. Sakin layi na 1735 ya ce tsoro da tilas suna iya rage alhaki ko ma su ɗauke shi, kuma zunubi ba ya zama mai kisa sai an haɗa babban al'amari da cikakken sani da cikakkiyar yarda. Mutumin da ya kwana yana jin nishin waɗanda ake azabtarwa saboda shi, alhali su sun riga sun yi ridda amma an ƙi sakinsu, da wuya a ce da sakakkiyar zuciya ya ɗaga ƙafarsa.

Amsa ta uku

Ni abin da ya fi damuna shi ne shekarun da suka biyo bayan wannan daren. Rodrigues ya karɓi sunan wani Bajapane da ya mutu tare da matar mamacin, ya zauna yana taya hukuma binciken kayan 'yan kasuwar Holand domin a zaƙulo duk wata alamar Kiristanci, a gefen malaminsa Ferreira, wanda mutum ne na gaske da ya yi ridda a ramin Nagasaki a 1633. Nan hujjar tilas ta dare ɗaya ta fara yin rauni. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, amma ya yi kuka mai zafi ya komo. Saboda haka nake ganin Kichijiro, Bajapanen da ya yi wa Rodrigues jagora, matsoracin da masu kallo ke rainawa, ya fi fadan kusa da tafarkin Ikilisiya, domin duk lokacin da ya faɗi yakan kira abin da ya yi zunubi, ya durƙusa ya roƙi a saurari furcinsa.