Wai da gaske Annabi Isa ya yi aure har ya haihu? Ku taimake ni da amsar da zan ba yarona

Telan Garwa:

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Garwa, shekara 19 ina kan keke a rumfa ɗaya. Rumfar da ke jikin tawa ta wani Kirista ce, mutumin Gidar, mai gyaran rediyo da waya. In na tafi masallacin Juma'a shi ke duba mini kaya, ran Lahadi ni ke karɓar masa saƙo. Daren da naƙuda ta tsananta wa uwargidana, shi ya fito da babur ƙarfe biyu ya nemo mana mota.

Makon jiya ɗana na fari, wanda ke lise, wato babbar sakandare, ya ga wani bidiyo da Faransanci a waya. Wai Annabi Isa, alaihissalam, ya auri Maryamu Magadaliya, sun haihu, jikokinsu sun zama sarakunan Faransa, kuma wai an tono tsohuwar takarda a Masar inda ya ce "matata". Yaron ya kai wa ɗan maƙwabcin nawa, ajinsu ɗaya, ya ce masa limamanku sun ɓoye muku gaskiya. Suka yi cacar baki har da cin kwala. Tun ranar gaisuwar maƙwabcina ta yi sanyi, abin yana damuna ƙwarai.

Na tsawata wa yaron, sai ya ce, "Baba, in ƙarya ce, takardar fa?" Na rasa ta cewa. Na sauke Alƙur'ani, na yi Ahlari da Ishmawi, nan karatuna ya tsaya. Wanda ya san asalin maganar nan don Allah ya warware mini.

Malama daga Ngaundere:

Wa alaikumus salam, Baba Tela. Ni Kirista ce, ina koyar da tarihi, kuma ɗalibaina sun sha kawo mini irin wannan bidiyo.

Takardar akwai ta. A watan Satumba na 2012 wata farfesa ta jami'ar Harvard, Karen King, ta nuna ta a wani taro a birnin Rum. Guntun takardar gargajiya ce ta Masar, faɗinta bai kai tafin hannu ba, da rubutun Ƙibɗawa, kuma a layi ɗaya an rubuta cewa Yesu ya ce musu, "matata", sai takardar ta yage. Ita kanta farfesar tun ranar farko ta ce wannan bai tabbatar da ya yi aure ba. Daga baya masana suka lura cewa kusan duk kalmomin an tsinto su ne daga wani tsohon littafi da ake kira Bisharar Toma, har da wani kuskuren bugu da ke cikin kwafin da wani ya sa a intanet. Yaya marubucin da ya mutu shekaru fiye da dubu zai kwafi kuskuren kwamfuta? A 2016 ɗan jarida Ariel Sabar ya bi diddigin mai takardar har Florida a Amurka, ya gano labarin da ya bayar na inda ya samo ta bai tsaya ba, farfesar kuma ta amsa cewa hujjoji sun karkata ga jabu ce. Masu bidiyo suna nuna hoton 2012, ba sa kai labarin 2016.

Sai abin da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Matiyu, Markus, Luka da Yahaya sun ambaci uwarsa, 'yan'uwansa, har surukar Bitrus da ya warkar daga zazzaɓi. Babu inda aka ambaci mata ko ɗa. Ka duba yadda ake kiran matan: Yuwana matar Kuza, Maryamu matar Kilofas. Maryamu Magadaliya kuwa da sunan garinsu ake kiran ta, Magadala, kamar a ce Hauwa 'yar Marwa. Da ta gan shi a bakin kabari, abin da ya fito daga bakinta shi ne "Rabboni", wato Malam. A kan gicciye kuma, bisa ga imaninmu, uwarsa ya damƙa wa almajirinsa amana. Mutumin da ya tuna da uwarsa a wannan hali zai mance da matarsa da 'ya'yansa?

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 9 aya 5. Yana kare haƙƙin manzo ya yi tafiya da matarsa, sai ya kawo misalin sauran manzanni, da 'yan'uwan Ubangiji Yesu, da Kefas, wato Bitrus. Da Yesu yana da mata, da sunansa zai fara kawowa, magana ta ƙare.

Almajirin Marwa:

Malam Tela, Allah ya saka maka da kula da haƙƙin maƙwabtaka. Ta ɓangarenmu ga abin da na karanta a gaban malamaina.

Alƙur'ani ya ba da labarin haihuwarsa, da maganarsa a zanin goyo, da mu'ujizozinsa, da cewa ba a kashe shi ba kuma ba a gicciye shi ba, a Suratun Nisa'i aya 157. Bai ambaci mata ko ɗa gare shi ba. Abin da ya shahara a wurin malamai shi ne an ɗauke shi bai yi aure ba. Saukowarsa a ƙarshen zamani ta tabbata a Bukhari da Muslim, Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa zai zauna shekara 40 sannan ya rasu Musulmi su yi masa salla. Akwai wata ruwaya da masu wa'azi ke yawan kawowa, cewa bayan ya sauko zai yi aure ya haihu a binne shi kusa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, amma malaman hadisi sun raunana ta. Ko da ta inganta, maganar gaba take yi, babu ruwanta da Magadaliya.

Ka gaya wa yaron cewa Annabin Allah yake magana a kansa. Jingina wa Annabi abin da babu hujja laifi ne a kanmu tun kafin ya zama cin fuska ga maƙwabci.

Direban Kusiri:

Ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Malama, shiru ai ba musu ba ne. Littattafan ba su ce ya yi ba, amma ba su ce bai yi ba. A garinmu namiji ya kai 30 babu mata, gwauro ake ce masa, ba wanda zai zauna ya saurari wa'azinsa, kuma na ji Yahudawa sun fi mu tsanani a kan haka. Malam na Marwa, ina ka bar ayar Suratur Ra'adi da Allah ya ce ya aiko manzanni ya sanya musu mata da zuriya? Sannan wani fasinja da na ɗauko daga Njamena ya ce akwai littafin da ya ce yana sumbatar ta. Ba gardama nake nema ba, so nake a cire mini shakka.

Almajirin Marwa:

Aya ta 38 ce. Malaman tafsiri sun ce raddi ce ga masu sukar Manzon Allah don yana aure, tana nuna aure sunnar manzanni ce a galibi. Ba ta ce kowane ɗaya ba. Ga Annabi Yahaya, wanda Suratu Ali Imrana aya 39 ta kira "hasuran", mai kame kansa daga mata.

Malama daga Ngaundere:

Yaya Direba, tambayarka tana kan hanya, kuma gaskiyarka, babu ayar da ta ce ƙarara bai yi aure ba. Amma rashin aure ba baƙon abu ba ne a zamaninsa. Marubucin tarihin Yahudawa Yusufus, wanda ya rayu a ƙarni na 1, ya ba da labarin wata ƙungiya, Isiniyawa, da yawancinsu ba sa aure. An umarci Annabi Irmiya kada ya yi aure, a littafinsa sura 16. Yesu da kansa, a Matiyu 19:12, ya yi maganar waɗanda suka bar aure saboda Mulkin Sama.

Littafin da fasinjanka ya faɗa shi ne Bisharar Filibus, cikin littattafan da aka tono a Nag Hammadi a Masar a 1945. Yawancin masana suna kai rubuta shi ƙarni na 3, wato wanda ya rubuta bai ga Yesu ba, bai ga wanda ya gan shi ba. Ya kira Maryamu Magadaliya abokiyar tafiyarsa, ya ce yana sumbatar ta, amma daidai wurin da za a ce a ina, takardar ta huje. Masu fassara ne ke cike gurbin da "baki". A cikin littafin kuma sumba alama ce ta ba da ilimin ruhu tsakanin masu bi.

Ga abin da nake so ka auna da hankalin Bahaushe. Mun san yadda ake riƙe salsalar sharifai, ba a yarda ta ɓata. Kiristocin farko ma sun riƙe ta dangin Yesu. Yakubu ɗan'uwansa ya shugabanci ikilisiyar Urushalima har aka kashe shi a shekara ta 62, sai Saminu ɗan Kilofas, shi ma dangi, ya gaje shi. Tarihin Yusabiyus, tsohon marubucin tarihin ikilisiya, ya kawo labarin jikokin Yahuza ɗan'uwan Yesu, da aka gurfanar gaban sarkin Rum Domitiyan, suka nuna masa kantar noma a hannuwansu ya sallame su. (Ko 'yan'uwan nan ciki ɗaya ne ko dangi, wannan tsohuwar muhawara ce tsakaninmu da 'yan Katolika.) Mutanen da suka adana labarin jikokin ɗan'uwa, ɗan cikinsa ne zai ɓace musu?

Batun sarakunan Faransa kuwa daga wani mutum ya taso, Pierre Plantard, wanda ya yi rajistar wata ƙungiya a 1956, aka ƙirƙiri takardun salsala aka ajiye a babban ɗakin karatu na Faris don a nuna shi jinin tsoffin sarakuna ne. Wasu marubuta a Ingila suka ɗora Yesu a kan labarin a 1982, shi kuma a 1993 ya amsa a gaban alƙali cewa ƙage ne. Littafin Da Vinci Code na 2003, wanda ƙagaggen labari ne, da fim ɗinsa na 2006, su suka watsa shi duniya.

Telan Garwa:

Malama, Malam, Allah ya ƙara sani. Direba, kai ma na gode, don tambayar da ka yi ita ce ke cikin ran yarona.

Jiya bayan sallar isha'i na zaunar da shi na ba shi wayar ya karanta da kansa. Wurin kuskuren kwamfuta ya maimaita sau biyu, ya yi shiru. Bai ce ya yarda da komai ba, yana nan a kan cewa shiru ba musu ba ne, na ce ya riƙe tambayarsa ya kai wa malaminsu na Islamiyya. Yau da safe na sa shi a gaba muka shiga rumfar maƙwabcina, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Mutumin ya ɗago shi, ya ce nasa ɗan ma ya faɗi maganar da ba ta dace ba, zai turo shi da yamma. Rigar makarantar yaron da ta yage a kwala tana nan kan kekena, zan gama ta kafin la'asar.