Wane tanadi ya kamata magidanci ya yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya a 2023, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, hankalina bai kwanta ba. Wane tanadi magidanci zai yi kafin masifa ta sauka?

Wani dattijo: Ɗana, gero ne farko. Mu da muka ga yunwar 2005 mun san da kaka ake sayen hatsi, lokacin da tiya take araha, a bar shi a zangarniya cikin rumbu, domin ya fi sussukakke jure ƙwari.

Wata uwa: Gaskiya ne, Baba, amma kada a manta da ruwa, tun da ambaliyar 1945 ce ta tashi garin Maradi daga bakin Gulbi. Ni takardun haihuwar yarana a leda nake ƙulle su, in rataye a sama.