Zum a hankali yana fizga: wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗan Ƙofar Mata: Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar bidiyo. Wata matsala ce take ci min tuwo a ƙwarya. Kyamarata irin mai lens a jiki ce, da madannin zum a gefen hannu da wani a saman mariƙi. In na ja zum da sauri, lafiya lau. Amma in na ce zan shiga fuskar mutum a hankali, kamar wajen tafsiri ko lokacin da ake yi wa amarya nasiha, sai hoton ya fizga, ya tsaya, ya sake fizga, kamar ɗan koyon mota yana sakin kuloci. Kuma a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku take, ba a kafaɗa ba. Kafin in kai wa mai gyara ya buɗe ta, ina son jin waɗanda suka taɓa gamuwa da haka.

Edita Zoo Road: Wa'alaikumus salam. Malam, a ina kake ganin fizgar? A allon kyamara lokacin ɗauka, ko sai ka zuba a kwamfuta? Na tambaya ne saboda yawancin aikin da ake kawo min ana cewa kyamara ta lalace, ƙalau take. Mu nan firem 25, wato hoto 25 a kowace daƙiƙa, muke aiki da shi, saboda wutarmu 50Hz ce. Kyamarorin hannu da ake shigowa da su daga Amurka kuwa a kan 29.97 suke zuwa. Ka ɗauka a 30 ka jefa a taimlayin na 25, wato layin da ake jera bidiyo a manhajar tacewa, dole manhajar ta zubar da firem ɗaya cikin kowane shida. A wajen rawa da hayaniya ba wanda zai lura. A zum mai tafiya a hankali kuwa, ido na kama shi nan take. Ka buɗe fayil ɗin asali, ka riƙa danna kibiyar gaba firem bayan firem. In kowane firem yana matsawa daidai da na bayansa, kyamararka ba ta da laifi, ka zo mu duba taimlayin.

Mai Biki Hotoro: Ni abin da ya same ni daban ne. Na sha wahala da wannan a wajen kamu da dina, ashe mai hana girgizar nan ne, wanda Sony ke kira SteadyShot. Aikinsa shi ne gyara rawar hannu. In kyamara na kan ƙafa ba rawar da zai gyara, sai ya ɗauki ɗan motsin da kake yi da gangan a matsayin girgiza, ya riƙe hoton, sannan ya sake shi lokaci guda. Ya fi muni in kana zum kana kuma juya kyamarar kaɗan don kada fuskar ta fita daga tsakiya. Tun da na saba kashe shi duk sanda na ɗora a kan ƙafa, ban sake gani ba.

Baban Fagge: Yaran nan, kun tafi menu kun bar ƙura. Mun fara aikin nan tun zamanin kaset, da kyamarar Sony PD170, kuma ban taɓa ganin abin da ke kashe zum a garin nan kamar ƙura ba. Ka je ka ɗauki Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, dawakai su tayar maka da ita, ka dawo gida ka jefa kyamara a jaka ko gogewa babu. Sai hunturu ya zo ya ƙara nasa, zafin Afrilu kuma ya busar da man da ke ciki. Ɗan injin da ke tura gilashin lens ba shi da wani ƙarfi in yana tafiya a hankali, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da shi har sai ya tara ƙarfi ya tsallake. Da sauri kuwa wucewa yake ba ka ji ba. Shi ya sa bayaninka ya yi min kama da wannan.

In lens ɗinka na da makunnin da ke raba injin da zoben zum na jikinsa, ka mayar da shi na hannu, ka juya zoben a hankali daga farko zuwa ƙarshe. In ka ji ƙaras-ƙaras, ko yana cijewa a wuri ɗaya kullum, to datti ne. Ka hura da abin hura iska, ka share da burushi mai laushi. Don Allah kada ka fesa masa mai. Na ga yaron da ya fesa na keken ɗinki, man ya gangara har cikin gilashi, kuɗin gyaran ya kusa sayen wata.

Ɗan Ƙofar Mata: Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Na gwada na Edita, a fayil ɗin asali ma akwai fizgar, kuma a 25 nake ɗauka. Na kashe mai hana girgiza, ta ragu sosai, amma farkon tashin zum ɗin har yanzu da ɗan zabura. Zoben nawa ba shi da makunnin da Baba ya faɗa.

Mai Biki Hotoro: To naka zoben lantarki ne, saƙo kawai yake aika wa injin, ba za ka ji datti da hannu ba.

Injiniya Sabon Gari: Zaburar farko ba lalacewa ba ce, haka ƙananan kyamarorin nan suke. Gudun zum ɗinsu hawa-hawa ne, kuma akwai mafi ƙarancin gudun da injin zai iya riƙewa. Madannin gefen hannu yana bin nauyin yatsanka, to in kana neman mafi sanyin gudu, yatsan yana kai-komo ne tsakanin tsayawa da hawa na farko, ko tsakanin na farko da na biyu. Numfashinka ma ya isa ya canza shi. Ka bar wannan madannin, ka koma na saman mariƙi, ka shiga menu ka ɗaure masa gudu ɗaya, na biyu ko na uku daga ƙasa, ba na can ƙasa ba. Wasu kyamarorin suna da saitin da ke sa zum ya tashi a hankali ya tsaya a hankali, ka duba ko taka na da shi. In kuma tana da ramin LANC, wato inda ake jona rimot mai waya, ka nemi rimot ɗin da ake ɗaurawa a hannun ƙafar kyamara. Ko ba komai ka daina taɓa jikinta, domin a can ƙarshen zum taɓi kaɗan ma girgiza ce babba.

Masu kawo min gyara da wannan ƙorafin, da yawa ban kwance ko noti ɗaya ba suka tafi. Amma maganar Baba gaskiya ce, waɗanda na buɗe, ƙura nake tararwa.

Hajiya Mai Shirye-shirye: Ni ba mai riƙe kyamara ba ce, amma ni ce nake shan faɗan masu aiki in hoto ya ɓaci. Mun taɓa ɗaukar hira a kan Dutsen Dala da tsakar rana. Yaron da ke ɗauka ya ga haske ya yi yawa, sai ya ɗaga shota, wato ɗan lokacin da haske ke shiga kowane firem, har 1/1000 na daƙiƙa. Kowane firem ya fito tar, amma da zum ya fara tafiya sai ya zama tsalle-tsalle. A firem 25 shota 1/50 ake so, ɗan dishi-dishin motsi da ke cikin kowane firem shi ne ke sa motsi ya yi santsi a ido. In rana ta yi yawa ga ND nan a jikin kyamara, wato gilashin rage haske, 1/4, 1/16, 1/64, don haka aka sa shi. Yanzu kafin a danna rikodin sai na tambayi shota nawa, ko za a ce na cika sa ido.

Ɗan Koyo Kabuga: Yayyena, ba kati ba ne kuwa? Ni an ce min katin memori marar kyau yana sa haka.

Injiniya Sabon Gari: Ƙanena, kati in ya gaza yawanci tsayar da ɗaukar yake yi gaba ɗaya, ko fayil ya ƙi buɗewa. Ba ya zaɓar lokacin zum. Ɗaukar 100Mbps megabait 12.5 ce a daƙiƙa, kati mai tambarin V30 na gaske kuwa gudun rubutunsa ba ya yin ƙasa da megabait 30. Matsalar ita ce jabu sun yi yawa a kasuwa, amma wannan wata magana ce.

Edita Zoo Road: Tunda zaburar a farko take, ka fara zum ɗin tun kafin wurin da kake so, ni zan yanke kan. Amma in gaskiya kake so, ni na fi son a kawo min 4K a tsaye cak. In aikin a 1080 zai fita, ina da damar shiga har ninki biyu ba tare da hoton ya lalace ba, kuma ni zan saita inda zai tashi da inda zai sauka. Ga masu ɗauka da kyamarar hoto ma wannan ya fi, domin lens ɗinsu ba don zum lokacin ɗauka aka yi shi ba. Fokas yana guduwa, kuma irin mai f/3.5-5.6 ɗin nan haske yana raguwa kana shiga.

Baban Fagge: Wannan a fim ne, Edita, inda kake da dare guda ka zauna kana shan shayi. Wanda ke haska tafsiri kai tsaye a Facebook fa, wane taimlayin gare shi? Malam ya kai wurin da murya ta canza, dole hannunka ya san lokacin shiga. Ɗan Ƙofar Mata, ka ɗora ta a ƙafa a tsakar gida, ka saita agogon bango, ka yi ta shiga da fita har yatsan ya saba. Batir ma ka sa cikakke, kada ka gwada da wanda ya kusa mutuwa.

Mai Biki Hotoro: Wani abu kuma, kada ka yanke hukunci da abin da aka turo maka ta WhatsApp. Matse bidiyo yake yi, kuma a zum komai na cikin hoton motsi yake, sai ka ga yana bugawa lokaci-lokaci alhali asalin ƙalau yake. In uwar amarya ta kira tana ƙorafi, ka tura mata a matsayin dokumen, ko ka kai mata a filashi ta kalla a talabijin.

Ɗan Koyo Kabuga: Oga Injiniya, rimot ɗin LANC ɗin nan yana shiga kowace kyamara, ko sai Sony?

Injiniya Sabon Gari: Canon da yawa suna karɓa. Panasonic nasu tsarin daban ne, ko da ramin ya yi kama. Ka zo da kyamarar a gwada a gabanka kafin ka biya.