Gasar "Kaduna Jiya": an yi adalci ko ba a yi ba?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum. Ni dai ba zan ɓoye ba, shugabannin zauren nan sun ɓata gasar haɗa hoto ta watan nan. Ranar da aka ba da taken "Kaduna Jiya" cewa aka yi kowa ya haɗa hotonsa da hannunsa, ya turo har da asalin hotunan da ya ɗebo. Dare uku na yi a kan Photoshop, ina haɗa ma'aikatan masaƙar Kakuri sun taso daga aiki a kan kekuna. Wayoyin tayar keken nan ɗaya bayan ɗaya na bi su, inuwa ma sai da na karkatar da ita ta dace da ranar la'asar. Wuta kuwa kun san halinta, a shagon caji na ƙarasa. Saura kwana biyu a rufe, sai ga sanarwa wai aikin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ma ya halatta, kuma yawan ƙuri'a ne zai fitar da gwani. Haba jama'a!

'Yar Unguwar Rimi:
Yaya, ka riga ni. Ku buɗe hoton da ya ci, wanda basirar ta haɗa, ku duba da kyau. Wai Gadar Lugard ce, ga manyan motoci suna bi ta kanta. Duk wanda ya taɓa shiga wurin shaƙatawa na Gamji ya san 'yar gadar ƙafa ce, wadda aka gina a Zungeru a 1904 kafin a kawo ta nan. Mahayin dokin da ke gefe kuma yatsu shida ne a hannunsa. Wannan ne tarihin garinmu?

Ɗan Kawo:
Ku yi haƙuri, ban yarda ba. Yawancinmu a waya muke aiki, da PixelLab da PicsArt, ba kowa ke da kwamfuta ba. Ita ma basirar nan kayan aiki ce, kuma iya yi mata bayani har ta fitar da abu mai kyau shi ma gwaninta ne. Sannan shugabannin nan bayin Allah ba biyan su ake yi ba, katin kyautar ma daga aljihunsu yake fita.

Baba mai hoto, Kasuwar Barci:
'Ya'yana, ni na wanke fim a ɗaki mai duhu, na kuma shafa wa hoto launi da burushi. Da kwamfuta ta zo mun ce ha'inci ne, yau ga shi da ita nake ci. Don haka ba na faɗa da sabon abu. Amma ɗana na Kawo, ka bar inda gizo ke saƙar. Magana zarar bunu ce. An kafa sharaɗi, mutane sun kashe data da barcinsu a kansa, sai a janye shi? Kuma ƙuri'a ai mai yawan abokai take zaɓa. Na ga yadda aka yi ta yawo da hoton a zaurukan 'yan uwa ana roƙon a danna.

Shugaban zaure:
Baba, Allah ya ƙara girma. Sauya sharaɗin kuskurenmu ne, na karɓa. Abin da ya faru, har mako ya zagayo ayyukan da suka shigo ba su cika yatsun hannu ba, muka ji tsoron gasar ta mutu. Mun nemi masu alƙalanci tun farko, babu wanda ya amsa.

Ɗan Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, ba su shigo ba ne don aikin hannu yana cin lokaci, muna kai. Da kun ƙara mako ɗaya da kun gani. Neman alƙalan kuma da tsakar dare aka sa shi, safiya na yi saƙonni suka binne shi. A raba gasar gida biyu, na hannu daban, na basira daban, Baba ya yi mana alƙalanci.

Ɗan Kawo:
Rabawar na yarda. Amma kada a ƙwace kyautar yaron da ya ci, shi abin da aka halatta masa ya bi.

'Yar Unguwar Rimi:
Ya riƙe kyautarsa, ba ita ce damuwata ba. Hoton nake so a cire daga fuskar zaure. Jiya ƙanena ya ɗauke shi zai kai makaranta a matsayin tsohon hoton Kaduna. Shugaba, za a cire ko kuwa?