Neman kalmar Hausa: me za mu kira SPR da sensar da ake yi da ita?

Jama'a, ku taimaka da suna. Ɗalibai a nan Kaduna sun fara cin karo da abin da Turawa ke kira "safes filasmon rezonans", a taƙaice SPR, musamman sensar, wato na'urar ganowa, da ake haɗawa da shi a jikin faiba. In aka ce a yi bayaninsa da Hausa, sai kowa ya koma Turanci. Bari in fara faɗin yadda abin yake aiki, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

Faiba zare ne na gilashi, yana da ciki da ɓawo. Haske yana tafiya a cikin, yana bugun bango yana dawowa, bai fita. Amma duk inda ya bugi bangon, ɗan burbushinsa kan leƙa waje, nisan da bai wuce 'yan ɗaruruwan nanomita ba (nanomita ɗaya cikin biliyan ce ta mita). Sai masana su fere ɓawon a wani ɗan wuri, kamar santimita 1, su shafa zinare mai kaurin nanomita 50 ko kusa da haka. A fuskar zinaren akwai ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, da ke iya kaɗawa tare kamar igiyar ruwa, wannan kaɗawar ce ake kira filasmon. Cikin launukan hasken da aka tura, akwai guda da tafiyarsa ta yi daidai da tasu, sai su karɓe ƙarfinsa su kama kaɗawa. In ka duba hasken da ya fito a ɗaya bakin zaren, wannan launin ya dusashe. To, ga inda amfanin yake: da zarar wani abu ya manne a zinaren, ko ruwan da aka tsoma zaren ya canza, launin da ke dusashewa sai ya gusa. Wannan gusawar ake aunawa.

Ba sabon abu ba ne. Masanin fiziya Ritchie ya yi hasashen wannan kaɗawa a 1957, Otto da Kretschmann suka nuna yadda ake tayar da ita da haske a 1968, masana a Linköping ta Suwidin suka gwada ta wajen gano sinadaran jiki a 1983. Jorgenson da Yee na Jami'ar Washington ne suka ɗora ta a kan faiba a 1993, don a huta da ƙaton gilashi mai kusurwa uku da aka saba amfani da shi.

Sai batun suna. Kalmar faiba ba ta da wahala: zaren gilashi. Wasu sun ce zaren haske, amma ni na fi son a faɗi abin da aka yi shi da shi. Sensa kuma a bar ta yadda take. Duk bakaniken da ke Panteka ya san sensa, kuma "masunsuni" da wani ya kawo dariya zai sa ɗalibai.

Rigimar tana kan "rezonans". An ba ni "amsa kuwwa", na ƙi. Amsa kuwwa muryarka ce take dawo maka daga dutse, shi dutsen bai motsa ba. Nan kuwa ilektiron ɗin ne da kansu suke motsi, kuma ba kowane launi suke kulawa ba. Shi ya sa nake ganin "amshi" ya fi zama. 'Yan amshi ba sa buɗe baki sai mawaƙi ya kai gaɓar da ta dace, kuma da tasu muryar suke karɓa.

Malam da ya rubuto daga Tudun Wada, Allah ya ƙara girma, na ga gyaranka. Ka ce amshi ƙara sauti yake yi, alhali a nan haske raguwa yake, don haka a ce "haɗiyar haske". Maganarka tana kan hanya ta fuskar abin da ake gani a allo. Sai dai baƙin fenti ma yana haɗiye haske, kuma ba ya zaɓe. Abin da ya bambanta wannan shi ne dacewar da ake samu tsakanin hasken da ilektiron ɗin, haɗiyar sakamako ce kawai. In muka sa sunan a kan sakamako, gobe idan ɗalibi ya haɗu da kalmar a darasin rediyo ko na sauti, zai rasa abin kamawa, don can ba maganar haske ake yi ba.

Hajiya malamar kemistiri, ke kuma kin kama ni a kan "amshin zinare" da na so mu tsaya a kai, tunda ana yi da azurfa ma. Gaskiya ne, azurfa har ta fi fitar da alamar sarai, matsalarta saurin yin baƙi in ta sha iska, shi ya sa aka fi komawa ga zinare. Na karɓi rabin gyaran. A littafi mu rubuta "amshin filasmon na fuskar ƙarfe", mu bar filasmon da sunansa kamar yadda muka bar ilektiron. A aji ko a Rediyon Tarayya kuwa, "sensar zaren gilashi mai amshin zinare" ta fi shiga kunne, ko da mai auna ruwan Kogin Kaduna kake wa bayani.

Saura guda da ba mu taɓa ba: adadin da ke nuna yadda abu yake karkatar da haske, wanda na ruwa 1.33 ne, na iska kusan 1. Shi ne ainihin abin da sensar take ji. Ina da "ma'aunin karyewar haske" da "ma'aunin lanƙwasar haske". Na farkon ya fi kama da yadda cokali yake bayyana a kofin ruwa, amma malaman fiziya, ku ne a gaba.