Ido bisa kwalta: musayar baitoci kan kabu-kabun Maraɗi

Tsohon Direba, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum. Ga ƙwar huɗu na jefa, babban amsa-amo "ya". Wanda ya ji zafi ya rama da baiti, ban da zagi.

Da sunan Allah zan fara,
Salati ga Manzo in ƙara,
Sannan in yi kira da ƙara
Ga masu babur bisa hanya.

Ya 'yan kabu-kabun Maraɗi,
Kullum sai ɗayanku ya faɗi,
Abin da jama'a za su faɗi:
"Ƙaddara ce," an kashe tambaya.

Na ja tirela har na tsufa,
Daga Yamai ina kai ta Difa,
Na ga samari sun bar ƙafa
Bisa kwalta, wasu sun bar duniya.

Ku ji sirrin babbar mota,
In ka manne a haƙarƙarinta,
Direba bai ganinka a madubinta,
Sai ya ji ƙashi ƙarƙashin taya.

In ba ka hangi fuskar direba
Cikin madubinsa ba, ka duba,
Shi ma fa bai hango ka ba,
Ja baya, ɗana, ja da baya.

Tirela in za ta sha kwana,
Sai ta buɗe, ka ce "ga wurina,"
Ka kutsa ta dama, ya ɗana,
Bayanta ya naɗe ka in ta juya.

Ɗan Kabu-kabu, Bagalam

Baba, ina gaisuwa. Da girmanka, amma a ji namu.

Baba, na gaishe ka da girma,
Waƙarka ta shiga, na ji ta ma,
Amma ka yi ta ne daga sama,
Kujerar tirela ba ta san wuya.

Moton nan fa ba nawa ba,
Mai shi bai san "ban samu" ba,
Da magariba in ban kai ba,
Zai karɓi makulli, ba jayayya.

Ga kuɗin mai, ga na faci,
Ga na gida don yara su ci,
Fasinja na bayana da ƙunci:
"Yi sauri, yaro, kar ka tsaya!"

Ran Litinin ko ran Juma'a,
Kasuwa ta cika da jama'a,
Wanda ya yi sanyi a sana'a
Shi ka komawa gida da kunya.

Batun hular kwano kuwa, Baba,
Zafin bazara ba wasa ba,
Wanda bai sa ta da azahar ba
Ba shi da bakin yi mana dariya.

Mai Jinya, unguwar Zariya

Ƙanena, mu ne ke karɓarku in an kwaso ku, don haka bari in sa lissafi kafin baiti. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'inka. Hukumar ta ce hular kwano mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki 6, ta rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100.

Ƙanena, na ji batun zafi,
Gumi ana share shi da tafi,
Amma akwai abin da ya fi:
Kai in ya fashe, doguwar jinya.

Ƙafa in ta karye a ɗora,
Hannu ma ana iya gyara,
Ƙwaƙwalwa kuwa in ta fara
Zubar jini, ba maɗori a duniya.

Wani ya saye ta don jandarma,
Ya hangi shinge ya ɗora ta sama,
Igiyar haɓa ba a ɗaure ba ma,
Kafin ya kai ƙasa ta tafi ita ɗaya.

Jama'a, ran da anka yi karo,
Kar a sungumi wanga yaro
Hannu da ƙafa kamar buhun gero,
Wataƙila akwai karaya a wuya.

Kar ku ɗura masa ruwa,
Kar ku fizge hular da gaggawa,
In jini ne ke ta zubowa,
Ƙyalle mai tsabta, ku danne jijiya.

Wayar da kunka ɗaga don hoto,
Kuna ɗaukar jini da moto,
Ku danna 18 a zo ceto,
'Yan kwana-kwana sun san hanya.

Malam, Limanci

Allah shi saka wa mai jinya. Ni ƙwar biyu na iya, a yi haƙuri da tsawon layi.

Masu faɗin ƙaddara, wallahi kun yi gaskiya,
Amma rabi kunka ɗauko, kun bar rabi a baya.

Wani ya zo da raƙumarsa ga Manzo da tambaya:
"In sake ta in dogara, ko in sa mata igiya?"

Ya ce a ɗaure ta tukuna, tawakkali ya biyo baya,
Tirmizi ya ruwaito shi, ba zancen mai shayi ne na jiya.

Baƙara, aya ta 195, ku je gida ku biya,
An hana mu jefa kanmu ga halaka, ba a ɓoye ba ko ɗaya.

Birkin da ya mutu ka san da shi tun watan jiya,
Ka hau, ka ɗauki matar wani da goyon ɗiya.

Ran fasinja amana ne, kisan kuskure na da diyya,
Ga azumin wata 2 a jere, Nisa'i 92 ta shirya.

Makanike, Sabon Gari

Na gaida Malam, na gaida Baba,
Ni makanike ne, ba mawaƙi ba,
Amma abin da ido bai musa ba
Shi zan jera muku ɗaya-ɗaya.

Sabon Kasea ya zo gareji,
"Cire madubin," haka nake ji,
Wai na tsofaffi ne, ka ji,
To da mi za ka ga na baya?

Taya ta cinye, babu zane,
Na ce a sake, ya ce faci ne
Ya kawo shi, saura na Allah ne,
Ruwan fari ya sauka, ta zame a hanya.

Mai gudun 60 a awa guda,
In ya sunkuya sakan guda,
Ya ci mita kusan 17 ba oda,
Ba birki, idonsa na kan waya.

Ka ninka gudu, ka ce sauri,
Nisan da birki zai ci wuri
Sau 4 yake ninkuwa, ba asiri,
Kafin ka tsaya ka hau akuya.

Rairayin da iska ta kwaso,
Ko wanda ruwan sama ya taso,
Ka damƙe birkin gaba da ka iso,
Tayar gaba ta tafi, ka bi ta baya.

Rage wuta tun kana nesa,
Kan babur a miƙe, ba wasa,
Birki a lallaɓa, kar a matsa,
Sai ka fita rairayi ka ƙara giya.

Wannan na ƙarshe a riƙe shi da kyau. Kwalta kaɗan ce a garin nan, da ka bar manyan hanyoyi rairayi ne har ƙofar gida, kuma mafi yawan kan babur da nake miƙewa a can suka karkace.

Inna, Mokoyo

Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana,
Ni mai hawa ce dare da rana,
Hijabi mai tsawo, 'yan'uwana,
Sarƙa na cin sa, ta ja har wuya.

Kafin ya tada, ke 'yar'uwa,
Kar ki bar bakin zane na kaɗawa,
Ba ƙauyanci ba ne kuwa,
Tattara shi duka bisa cinya.

Ran kai amarya, abin takaici,
Samari a jere suna ganganci,
A saki hannu, a miƙe, sakarci,
Gidan biki ya koma na ta'aziyya.

Wani in ka hau, ka ga ido ja,
Harshe ya yi nauyi yana ja,
Tiramol ya haɗiya don ya ja
Dare da rana ba gajiya.

Irin wannan, da na gane,
Sai in ce: "Sauke ni, nan ne,"
Ko da sauran nisa ne,
Gara in taka har Mokoyo lafiya.

Mai Amalanke, Jiratawa

Daga Jiratawa nake gaisuwa,
Mu ne masu amalanken kasuwa,
Cikin duhu muke tasowa,
Shanu biyu, zogale ne kaya.

Amalanke ba ta da fitila,
Sa bai san oda ba, bai kula,
Mai babur ya taho ba hula,
Ba fitila, yana haskawa da waya.

Hunturu in ya sauko da hazo,
Hanyar Ɗan Isa ido na gizo,
Ba ka sanin mi ne ne ya zo
Sai kun yi gaba da gaba a tsakiya.

Makanike, Sabon Gari

Kawu, kai ma da naka a ciki,
Jan tef mai ƙyalli na yin aiki,
Manna shi baya, haske na sauka a jiki
Mai babur zai gan ka tun daga nesa da hanya.

Layin ya yi tsawo, na sani. Na faɗa muku ni ba mawaƙi ba ne.

Tsohon Direba, Ali Ɗan Sofo

Ɗana na Bagalam, ban ji haushi ba. Ka ce daga sama na yi waƙa. Gaskiya ne, kuma daga saman nan ne ake ganin abin da kai ba ka gani.

Watan azumi gab da shan ruwa,
Ciki ba kome, ido na lumshewa,
Kowa gida yake son kaiwa,
Nan na fi ganin jini a hanya.

Daga Cadawa zuwa Tasawa,
Rana na duka, iska na busawa,
Gyangyaɗi ba ya yin sanarwa,
Ka yi hamma, nemi gindin itaciya.

Kar ka wuce mota a kan kwana,
Ko gab da tudu, ko da rana,
Abin da ba ka gani ba, ɗana,
Ka ɗauka yana tafe, ka tsaya.

A mararraba dubi tayar mota,
Kar ka dubi fuskar mai jan ta,
Taya in ta motsa ta faɗi niyyarta,
Fuska kan dube ka ta yi maka ƙarya.

Kowane karo da ka ji an faɗi,
Tambayi wane gefe ya faɗi,
Mi yake kallo kafin ya faɗi,
Sannan ka yi masa addu'a, ba laifi ko ɗaya.

Ɗan Kabu-kabu, Bagalam

To, an taru mini. Baba, na tayar mota a mararraba ban taɓa jin sa ba, na karɓa. Yaya mai jinya, lissafinki ya hana ni shan shayi.

Na ji Baba, na ji Malam,
Yaya da Inna, na ce salam,
Zan kai saƙon tashar Bagalam:
Madubi ya koma, hula da igiya.

Inna, irinki ba su da yawa,
Na baya kullum yana zungurawa,
In na rage, ya ce ba iyawa,
Gobe ya tsai da wani, ya bar ni a hanya.

Kuma waƙar ba ta cika ba,
Akwai wanda bai yi magana ba,
Alhajin da moton nasa ne, Baba,
Mai jiran kuɗinsa a inuwar tsamiya.

Taya ta cinye, wa zai saya?
Inshora ta ƙare, wa zai biya?
Ran da na kwanta, wa ke jinya?
Malam, shi ma faɗa masa batun diyya.

Alhaji, in kana nan kana ji,
Makanike na jira a gareji,
Ba baiti nake so ba, ka ji,
Aiko kuɗin sabuwar taya.